Darasi na 9: Zuma da Harbinta a Farkon Bazara

Daga ƙarshen watan Fabrairu sanyi yakan fara ja da baya. Hazo ya lafa, bargo ya koma cikin akwati, rana ta fara nuna halinta. A daidai lokacin nan ne ɗorawa ke rataya jajayen furanninta masu kama da tuntun hula. Mangwaro da kaɗanya sun riga sun yi fure, darbejiya kuma ta cika unguwa da ƙamshi. Wanda ya tsaya a gindin ɗorawa da sassafe zai ji bishiyar tana ruri kamar injin niƙa daga nesa. Zuma ce ta fito aiki.

Da Hausa kalmar ɗaya ce. Mai harbin zuma ce, abin shan ma zuma ne, shi ya sa ake mata kirari da "ga zaƙi ga harbi". A darasin nan, in mun ce zuma ƙudan muke nufi. In abin sha ne za mu ce ruwan zuma. Zaƙin kowa ya san shi. Harbin za mu karanta, domin ba duka ya zama ɗaya ba. Wani a sosa a wuce. Wani kuwa, in aka yi jinkirin rabin awa, sai dai a yi wa iyali ta'aziyya.

Me ya kawo ta bakin randa?

Amya ɗaya mai ƙarfi tana ɗauke da ƙuda dubu 20 zuwa dubu 60. Uwa ɗaya ce a ciki. Ita ce wasu ke kira sarkin zuma, alhali mace ce, aikinta saka ƙwai. Akwai maza 'yan kaɗan, su ba su da abin harbi sam. Sauran duk mata ne ma'aikata. Su ke ɗebo ruwan fure, su ke gadi, su ke harbi.

'Ya'yan da ke cikin saƙa suna bukatar ɗumi daidai wa daida, wajen digiri 35. A Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40 ko a inuwa. To ya za su yi? Sai ma'aikata su ɗebo ruwa a cikinsu su yayyafa a kan saƙa, wasu su tsaya suna fifita da fukafukai har ɗakin ya huce. Dabarar randa ce dai: ruwa na tsattsafowa yana bushewa, ciki na yin sanyi. Ga shi a bazara tafki ya ƙafe, fadama ta tsattsage. Ruwan da ya rage na mutane ne: bakin rijiya, gindin randa, wurin alwala, wurin shayar da dabbobi, da inda famfo ke ɗiga. Ban da ruwa tana bin zaƙi, kamar teburin mai rake, tiren mangwaro, bokitin zoɓo da mazarƙwaila. Har garin masara da aka shanya takan sauka a kai.

Zumar da ta zo shan ruwa ba faɗa ya kawo ta ba. Ba ta harbi sai an danne ta, ko an taka ta ba takalmi, ko ta shiga mayafi ta rasa mafita, ko an kai mata duka. Mai zafin kai ita ce wadda ke kusa da gidanta. A bazara amya cike take da ruwan zuma da 'ya'ya, mai dukiya kuwa ba ya barci da ido biyu. Lokacin ne kuma masu amya ke cira, yara ke hawan mangwaro, masu itace ke saran busasshen reshe ba tare da sun leƙa kogo ba, manoma kuma na sharar gona suna ƙone-ƙone.

Zumar Afirka ta fi ta Turai saurin fushi nesa ba kusa ba. A 1956 wani masani ya kwashi zuma daga kudanci da gabashin Afirka ya kai Barazil don a inganta kiwo. A 1957 wasu suka tsere suka shiga daji. Suka yi ta hayayyafa suna yin arewa, har suka shiga ƙasar Amurka a 1990, mutanen can suna kiran su masu kisa. Mu kuwa da 'yan uwansu muke kwana muke tashi tun kaka da kakanni.

Minti na farko

A ƙarshen cikin ma'aikaciya akwai ƙari. Wata 'yar ƙaya ce mai ƙananan haƙora da suka juya baya, irin na ƙugiyar kamun kifi. In ya shiga fatar mutum ba ya fita. Sai ta fizge ta tashi, ta bar ƙarin tare da 'yar jakar dafi da guntun hanjinta, ba da jimawa ba ta mutu. Rina da zanzaro ba haka suke ba. Su ba sa barin komai a jiki, kuma suna iya maimaita harbi.

Ka duba wurin da kyau, za ka ga ɗan farin abu kamar ƙwayar gero yana motsi. Jakar dafin ce. Tana ci gaba da tura dafi kusan minti ɗaya bayan mai ita ta tafi. Saboda haka a cire nan take, da farce, ko gefen katin waya, ko yatsu biyu. An daɗe ana cewa kada a tsinke da yatsu wai za a matse jakar. Da aka gwada sai aka ga sauri ne ke da amfani, ba salon cirewa ba. Wanda ya tafi neman hantsaki a ɗaki, kafin ya dawo dafin ya gama shiga.

Ƙarin yana kuma fitar da wani wari mai kama da na ayaba nunanna. Kira ne ga 'yan uwanta, yana cewa ga abokin gaba nan. Don haka a bar wurin a natse, a wanke da ruwa da sabulu. A ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ko ledar ruwa mai sanyi, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa, na kamar minti goma. In a hannu ne, a cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya hana. Na taɓa ganin zoben azurfa da sai da maƙeri ya yanke shi. Farasitamol yana rage zogi. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi, amma tana sa barci, don haka mai tuƙa babur ko mota ya sani.

Taɓo, kashin shanu, kananzir da tsagawa da reza, duk a bar su. Ba sa fitar da dafi, sai dai su sa ƙazanta a rauni. Yawancin harbi nan yake tsayawa: zafi, ja, ɗan kumburi, zuwa dare ko wayewar gari ya wuce.

Kumburi mai ban tsoro

Bara wata ɗalibar ajinmu na mata ta zo da hannu kamar an hura shi. An harbe ta a wuyan hannu ranar Asabar tana ɗiban ruwa. Ranar Lahadi kumburi ya kai gwiwar hannu, fata ta yi sheƙi, ga zafi ga ƙaiƙayi. Uwar mijinta ta ce dafi ne ke hawa zuwa zuciya, ta ɗaure mata damtse da tsumma tamau.

Na ce, "Malama, numfashinki fa? Kina jin jiri?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Har tuwo na tuƙa da ɗaya hannun."

Muka kwance tsumman. Irin wannan kumburi yakan wuce faɗin tafin hannun babba, wato fiye da santimita 10. Yana ƙaruwa kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya fara sacewa, ya ɗauki mako guda ko kwana goma kafin ya tafi duka. Yana da ciwo, yana da muni a ido, amma muddin yana manne da wurin harbin ba shi ne ke kisa ba. A ɗaga hannun ko ƙafar sama, a ci gaba da sanyayawa, kada a sosa, kada a ɗaure. In bayan kwana uku abin ƙaruwa yake yi, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, to rauni ya harbu da ƙwayoyin cuta, sai a je asibiti.

Wuri biyu ne ba a jira a gani. Na farko cikin baki, harshe ko maƙogwaro, domin kumburin can yana toshe hanyar iska ko da mutum lafiyayye ne. Yakan faru in zuma ta faɗa gwangwanin lemo ko kofin zoɓo aka kurɓa ba a duba ba. A ba shi ƙanƙara ya tsotsa, a kama hanyar asibiti. Na biyu ƙwayar ido. Wannan kada kowa ya taɓa sai likita.

Ranar da Kawu ya faɗi

Kawuna, wan mahaifiyata, ya fi shekara 30 yana ɗaura amya. Da hannunsa yake saƙa ta, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya hau ɗorawa ya ɗaura. Harbin da ya sha ba ya ƙirguwa. In aka yi masa sannu sai ya yi dariya ya ce, "Ai ba a shan zuma sai an sha harbi."

Wata la'asar a watan Maris yana alwala a ƙofar gida, ya ɗaga buta, wadda ke shan ruwa a bakin butar ta harbe shi a bayan hannu. Guda ɗaya tak. Ya cire ya yar, ya ci gaba da alwalarsa. Kafin ya kai ga wanke ƙafa na ga yana sosa tafin hannu, ya tuɓe hula yana sosa kai.

Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ƙaiƙayi nake ji, ɗan nan, har tafin ƙafa."

Muryar ba tasa ba ce, ta dushe kamar ta mai mura. Na ɗaga rigarsa, na ga bayansa ya yi rudu-rudu da borin jini. Leɓensa ya fara kumbura. Ya ce bari ya shiga ciki ya kwanta. Yana miƙewa sai ya tafi luu, ya zube a kan dakali.

Abin da muka yi bayan nan ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗa don a ƙaru. Matarsa ta fito da manja a ludayi. Wani maƙwabci ya kawo madara. Wani ya ce iska ce ta buge shi. Muka zaunar da shi muna ƙoƙarin ɗura masa, yana shaƙewa, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana busa sarewa. Kwata guda ta tafi a haka. Daga nan muka nufi wani kemis, aka miƙo mana ƙwayar ƙaiƙayi, alhali mutumin ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Wani direba ne, Allah ya saka masa da alheri, ya daka mana tsawa, ya kwantar da shi a kujerar baya.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ba ta tsaya tambayar kati ba. Ta fasa 'yar kwalba, ta zuƙa, ta soka masa a cinya ta cikin wando. Bayan minti biyar ta ƙara wata. Sai muka ga ƙirjinsa ya fara buɗewa, ya buɗe ido. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka kwantar da shi har gari ya waye. Da na je yi mata godiya ta ce, "Malam, da kun ƙara minti goma a hanya, da yanzu wani zancen ake yi."

Hannun Kawu, inda aka harba, ko kumburin kirki bai yi ba.

Ga abin da ya faru. Jikin wasu mutane yakan riƙe dafin zuma a matsayin babban abokin gaba. Yawanci ba ya faruwa a harbin farko, sai jiki ya taɓa haɗuwa da dafin. Yana iya zuwa a harbi na biyu, yana iya jira sai na ɗari biyu, shi ya sa masu amya da iyalansu ba su tsira ba. Ranar da ya tashi, garkuwar jiki takan yi wa ɗigon dafi martanin da ya wuce kima. Hanyoyin jini su saki, jini ya yi ƙasa, hanyar iska ta tsuke. Likitoci suna kiran wannan anafilaksis. Mu a gida mukan ce jikin wane ba ya ɗaukar harbi. Yawanci yakan fara cikin 'yan mintuna, da wuya ya wuce awa guda bai nuna ba.

Saboda haka, in an harbi mutum, kada ido ya tsaya a wurin harbin. A dubi sauran jiki, a zauna tare da shi na awa ɗaya. Alamomin su ne:

- ƙaiƙayi ko borin jini a inda ba a harba ba
- kumburin leɓe, harshe, fatar ido ko wuya
- dushewar murya, kasa haɗiya, tari, numfashi mai ƙara
- jiri, ganin duhu, zufa mai sanyi, suma
- murɗawar ciki, amai ko gudawa farat ɗaya

Ba sai sun haɗu duka ba. Wani ko borin jini ba ya yi, faɗuwa kawai zai yi. In numfashi ya taɓu, ko murya ta canja, ko jiri ya kama shi, magana ta ƙare, sai asibiti.

Maganin sunansa adirenalin. A koyi faɗin sunan, a koyi rubuta shi. Allura ce da ake yi a naman cinya ta gefen waje. Ma'aikacin lafiya ne ke aunawa: babba rabin mililita, yaro gwargwadon shekarunsa, kuma ana maimaitawa bayan minti biyar in ba a ga sauƙi ba. Piriton ba ya maye gurbinta. Manja, madara da ruwan zuma ba sa yin komai, illa ma su sarƙe wanda ke fama da numfashi.

Kafin a isa, a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa a kan buhu ko matashi, don jini ya koma zuciya da kai. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya daure ya taka zuwa bakin titi. Miƙewar nan ita ta kayar da Kawu. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna a jingine da ƙafa a miƙe. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda ya suma ko yake amai a juya shi gefe. Mota ko Adaidaita Sahu ta fi, domin ana iya kwantar da shi. In babu sai babur, a ɗauke shi cak a ɗora, wani ya zauna a baya ya rungume shi. A Nijeriya lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, amma a ƙauye kada a zauna jiran mota daga birni in akwai ta maƙwabci. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, mota na gudu.

Ko ya warware bayan allura, kada a matsa wa ma'aikata su sallame shi. Abin yakan dawo bayan wasu awoyi.

In taro ne ya far wa mutum

Wannan daban ne. Ko jikinka na ɗaukar harbi, dafin ɗaruruwa guba ne. Ka ja riga ko mayafi ka rufe fuska da kai, ka bar 'yar kafar gani, ka ruga. Kada ka tsaya kaɗe-kaɗe, motsin hannu ƙara tunzura su yake yi. Ka nufi ɗaki ko mota ka rufe ƙofa. 'Yan kaɗan da suka shiga tare da kai ba su kai dubban da ke waje ba. Suna iya bin mutum mita 400 ko fiye, don haka kada ka tsaya da wuri. Kada ka faɗa ruwa, za su jira ka ɗago. Wanda ke kan bishiya ya daure ya sauko a hankali, domin sau da yawa faɗowar ta fi harbin illa. Yaro a ɗauke shi a gudu da shi. Jaki ko akuya da ke ɗaure a turke kusa da wurin a kwance su in da hali, su ba su da hanyar gudu.

Da an tsira a kankare ƙarin duka da gefen kati, da sauri. Babban da ya sha harbi ya kai 50 a kai shi asibiti ko yana cewa lafiyarsa lau. Yaro, tsoho, da mai ciwon zuciya ko ƙoda ba a jira ya kai haka. A ba shi ruwa da yawa in yana iya sha, a kuma lura da fitsarinsa na kwana biyu. In ya koma kamar shayi ba madara, ko ya ragu ƙwarai, dafi ya taɓa ƙoda.

Zama da ita

Ba za a kori zuma daga gari ba, ba ma a so. Ita ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, mangwaro, kabewa da kankana su yi 'ya'ya. Sura guda aka saukar da sunanta a Alƙur'ani, Suratun Nahli, kuma tana cikin halittun da hadisi ya hana a kashe.

Dabara mafi sauƙi ita ce a ba ta nata ruwan. A sami tsohon kasko, a zuba tsakuwa ko guntayen kara don ta sami wurin tsayawa, a ajiye can bayan gida nesa da hanya, kada a bari ya bushe. A fara tun zafi bai kankama ba, domin zuma in ta saba da wuri da wuya ta canja. Randa, buta da bokitin zoɓo kuma a rufe su. A leƙa kofi kafin a kurɓa. A sa takalmi a bakin rijiya da gindin mangwaro. Mai zuwa kusa da amya ya sa tufa mai haske, ya bar turare a gida, domin ta fi kai wa baƙi hari, da gashi.

Wani lokaci za a wayi gari a ga zuma ta dunƙule a reshe kamar an rataya tulu. Masu ƙaura ne suka yada zango, suna jiran 'yan leƙensu su samo sabon gida. Ba su da 'ya'ya ko ajiya da za su kare, don haka yawanci ba ruwansu da kowa, kuma cikin awoyi ko 'yan kwanaki za su tashi. Aikin manya a nan shi ne hana yara jifa. A kira mai amya, shi abin nema ne ya samu. In kuwa ta riga ta yi gida a silin, ko katangar makaranta, ko kogon bishiyar ƙofar masallaci, aikin masu sana'a ne. Da daddare ake yi, bayan an janye mutane da dabbobi. Fetur da ashana a watan Maris, ga danga ga rumbu duk a bushe, kowa ya san ƙarshen wannan.

Kawu ya miƙa wa ɗansa amya, aka kuma kwashe su daga kusa da gida. Bai ji daɗi ba, har yanzu yakan tsaya daga nesa yana gyara wa yaron ɗauri da baki. Amma wanda abin ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin ya sake kama shi, kuma ba wanda zai ce na gaba zai zo da sauƙi. A bazara ba ya zuwa gona shi kaɗai. Mutanen gida duk sun san alamomin. Lambar direban nan tana rubuce da gawayi a bangon zaure. Mun je asibitin da ya fi kusa mun tambaya ko suna ajiye adirenalin, tun ba a bukace ta ba.

Mai irin wannan lalura ya zauna da likita ya faɗa masa duk magungunan da yake sha, domin wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rage ƙarfin allurar. Kada ya daina sha da kansa. Mai asma ya kula da maganinsa, don abin ya fi tsanani a kansa. Akwai adirenalin da aka ɗura a wani abu mai kama da biro, irin su EpiPen, wanda mutum ke danna wa kansa a cinya. A Turai da Amurka masu lalurar da shi suke yawo, a nan yana da tsada da wuyar samu. A tambayi likita abin da ya dace a ajiye, da wanda zai koyi yin allurar. Zafi da hasken rana suna lalata ta. Ruwanta garau yake, in ya canja launi ta tashi daga aiki. Ko an yi ta a gida, sai an je asibiti.

Mu karanta, mu rubuta

amya, saƙa, ƙari, dafi, kumburi, ƙaiƙayi, borin jini, numfashi, cinya, adirenalin

A lura da ƙ mai lanƙwasa a ƙari da ƙaiƙayi, da k marar lanƙwasa a kumburi.

Mu tattauna

1. An harbi yaro a ƙafa, washegari kumburi ya kai gwiwa, amma yana wasa yana cin abinci. An harbi babansa a yatsa, bayan minti biyar muryarsa ta dushe. Wa za a fara kaiwa asibiti? Don me?
2. Ina ne zuma ta fi taruwa a unguwarku a wannan wata? A ina za a ajiye mata kasko?
3. Daga wani ƙauye zuwa asibiti kilomita 12 ne. Mota tana cin kilomita ɗaya a minti 2. Minti nawa za a yi a hanya? In an ɓata minti 15 ana neman manja, minti 10 a kemis, minti nawa ke nan duka?

Aikin gida

A yanko kwali daidai girman katin zaɓe. Wanda jikinsa ba ya ɗaukar harbi ya rubuta nasa. Wanda lafiyarsa lau ya rubuta wa wani da ya sani, ko ya yi na gwaji. A rubuta da manyan baƙaƙe:

SUNANA: ____________
JIKINA BA YA ƊAUKAR HARBIN ZUMA.
IN NA FAƊI, A KWANTAR DA NI, KADA A BA NI KOMAI A BAKI.
A KAI NI ASIBITI. A CE ADIRENALIN.
A KIRA: ____________

A bayan katin a rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da lambar mai mota. A sa shi a leda don kada zufa ta cinye rubutun, a ajiye a aljihun gaba ko a ɗaure a bakin zane. A zo da shi aji ranar darasi na gaba, kowa zai karanta na maƙwabcinsa da ƙarfi.